Buhun da Verona Ta Hura

Bratislava, 6 ga Oktoba, 1986

Zuwa ga Inna Hermina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ki lafiya. Ban sani ba ko za ki tuna ni. Ni ne Kornel, ɗan marigayiya Verona, wadda kakarku ɗaya da ita. Ina da shekara shida Baba ya ɗauke ni daga Brezinka bayan an binne ta, kuma tun ranar ban sake taka garin ba. Na san ban kyauta ba. Fadan cocinku ne ya tabbatar mini kina nan, ya kuma ba ni lambar gidan.

Ni dai lafiya lau, sai ciwon baya irin na masu zaman kujera.

Bayan haka, ina aiki ne a ofishin da ake haɗa ƙamus na maganar ƙauyukanmu. Aikina bin diddigin kalma, in gano inda ta fito. Bana kayan shimfiɗa suka faɗo hannuna, kuma ba mu da ko katin kalma ɗaya daga Brezinka. In ba damuwa, ki amsa mini waɗannan:

Na ɗaya, me kuke kiran bargon gashin dinya, babbar agwagwar nan da kuke kiwo?
Na biyu, sunan na shimfiɗawa daban ne da na rufa?
Na uku, har yanzu mata suna taruwa gayyar gashi da hunturu?

Na sa ambulan da kan sarki a ciki.

Ɗanki,
Kornel


Brezinka, 19 ga Oktoba

Kornel ɗan Verona,

Na ga takardarka. Sai da na nemi tabarau, na karanta, na ajiye, na ba dinyoyi abinci, sannan na dawo na sake karantawa. Wai ko zan tuna ka! Ni da na wanke ka ranar da aka haife ka, kana tsala ihu har karen maƙwabta ya taya ka. Shekara arba'in da ɗaya ba ka ce uffan ba, yau ka turo mini tambaya ɗaya, biyu, uku, sai ka ce ɗan sanda.

Lafiya dai ta tsufa. Idon hagu ya yi hazo, gwiwa kuma ita ke gaya mini za a yi ruwa kafin rediyo ya faɗa. Mijina Ondrej ya rasu shekara tara ke nan. 'Yata Blanka tana aure a Košice, a bene hawa na tara suke. A layinmu hayaƙi gida biyu yake tashi, nawa da na Ilka, ita kuma Ilka ta kurumce, sai ka ɗaga murya kamar kana kiran shanu.

To ga amsarka. Wanda ake kwanciya a kai perina ne, wanda ake rufa da shi duchna. Wannan ko akuya ta sani. Wai yanzu don Allah wannan ne aikin da kake ɗaura taye a wuya kana fita dominsa kullum?

Gayya kuwa ta mutu. Da, daga an gama haƙar dankali har zuwa azumin da ke gaban bikin Ista, gida-gida muke bi. Mu goma sha biyu a tebur ɗaya, kowacce ta ɗaure kai, a zube gashi a tsakiya. Ka kama shi ta tsinke, ka yage laushin gefe da gefe, ka tura ƙarƙashin kifaffen kwano, tsinken ka yar ƙasa. Ba a buɗe ƙofa, ba a tari, don kada iska ta kwashi gashin, mai jin dariya ta sa fuska a cinya. Uwarka ce ba ta iya riƙe dariya, sau nawa aka kore ta waje. Gashin kaza ba ya shiga ko ƙwaya ɗaya, don wanda ya kwanta a kansa ba ya mutuwa da sauƙi. Ka rubuta wannan ma a katinka. Yanzu 'yan mata sun ce bargon kanti ya fi, wanda ake jefawa a injin wanki.

Na amsa uku, kai ma ka amsa mini ɗaya. Ka yi aure? Ba gulma nake nema ba, ina da dalili.

Innarka,
Hermina


Bratislava, 2 ga Nuwamba

Inna,

Na gaishe ki, na kuma gaida Ilka da babbar murya. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Na yi dariya ni kaɗai a ofis da na zo wurin akuya, har abokin aikina ya leƙo.

Ban yi aure ba. An taɓa kusa, sai ta gaji da jira, kuma ban ga laifinta ba. Ina zaune ni kaɗai a ɗaki biyu. In na dawo aiki nakan kunna rediyo don dai in ji muryar mutum.

Bari in rama abin da kika yi wa aikina. Perina ba ta da wuya, daga pero ta fito, wato gashin tsuntsu, kuma da wuya ki je ƙasar da ke jin irin yarenmu ba ki tarar da 'yar'uwarta ba. Duchna ce ta hana ni sakat. Manyanmu sun ce dangin kalmar hurawa ce, da numfashi. Amma me ya kawo numfashi cikin bargo? Wasu sun ce don yana kumbura ne kamar an hura. Ga shi ke kuma kin ce a wurin gayya ko tari ba a yi. Na yi mako ina juya abin.

Akwai abin da ban faɗa ba a takardar farko. Ba na iya tuna fuskar Mama. Hoto ɗaya ne, kuma matar Baba ta ɓatar da shi. Abin da ya rage mini kawai nauyin wani abu a ƙirjina da sanyin asuba, da hannu yana tura gefensa ƙarƙashin ƙafata. Ina jin shi ya sa da aka raba aiki na ce a ba ni kayan shimfiɗa. Mene ne dalilin naki?

Kornel


Brezinka, 16 ga Nuwamba

Ɗana,

Muna lafiya. Dusar ƙanƙara ta fara sauka ran Talata. Ilka ta ce wane Kornel, na ce na Verona, ta ce ai Verona ta mutu, na ce na sani.

Manyan naku sun yi karatu, amma ba su taɓa ɗinka duchna ba. A tebur ne ba a hura iska. Amma in an gama cika bargon aure, saura taƙi ɗaya a rufe baki, sai a tsaya. Uwar mai bargon ta sunkuya ta hura ciki sau uku, a yi maza a ɗinke. Kuma dole mai bargon yana tsaye yana gani. Ko daga nan sunan ya zo, ko ba daga nan ba, ni ban sani ba, haka dai muka tarar ana yi a Brezinka.

Yanzu ka zauna ka ji. Tun kana goye uwarka ta fara tara maka gashi. Buhu ɗaya ta cika, yagagge tas, da hannunta. Sai ciwon huhu ya kwantar da ita. Ana saura kwana huɗu ta tafi, ta ce in sauko da buhun. Ta ce, "Hermina, ba zan kai bikin yaron nan ba, buɗe mini." Kornel, numfashi uku ne, amma tun hantsi take tattara su har rana ta take. Ta hura ɗaya ta huta, ta hura ɗaya ta huta. Da ta yi na uku ta ce, "Ɗaure. Ki cika sauran, kada a buɗe wannan sai yana tsaye." Na ce na ɗauka.

Duchna buhu huɗu take ci. Kowace shekara in na fige dinyoyina sai in ware naka. Buhu uku na tara, suna rataye a saman rufi kusa da na uwarka, amma nawa ba a yage ba, don ina jiran a aiko an sa rana in kira gayya. Na jira kana ashirin da biyar. Na jira kana talatin. Matan da zan kira suka yi ta tafiya ɗaya-ɗaya, ni kuwa kunya ta hana ni rubuta wa ubanka, don ba mu rabu da daɗi ba.

Alkawari kaya ne, kuma wuyana ya gaji. Blanka ta ce hunturun nan ne na ƙarshe, da Ista za ta zo ta kwashe ni. Ta ce gidanta ba wurin buhunan gashi, mijinta yana atishawa. Tunda ba ka yi auren ba, na yafe auren. Ka zo kawai ka tsaya.

Hermina


Bratislava, 7 ga Disamba

Inna,

Ina gaisuwa. Ki gafarce ni da jinkiri, mura ce ta kama ni, amma na warke.

Na karanta takardarki ban san sau nawa ba. Abin da kika faɗa game da hurawa sau uku ba shi a cikin ko littafi ɗaya. Na nuna wa shugabanmu, ya miƙe tsaye don murna. Ya ce wannan zai shiga ƙamus da sunan Brezinka, har ya ce gidan tarihi za su so buhun yadda yake a ɗaure.

Sai dai zuwa yanzu zai yi wuya. Dole mu miƙa wannan kashi na aikin kafin ƙarshen Maris, kuma hanyarku ba ta biyuwa da hunturu. Ina da hutu a Yuli. Zan zo da na'urar ɗaukar murya, mu zauna a tsakar gida mu yage gashin a tsanake, ki ba ni labari. In kuwa Blanka ta matsa, ki sa a kai buhunan gidan waya a turo mini, zan adana su da kyau.

Ina yi miki barka da Kirsimeti tun yanzu. Na turo miki shayi da safar ulu.

Kornel


Bratislava, 25 ga Janairu, 1987

Inna Hermina,

Ina fatan lafiya. Mako bakwai ke nan ban ji daga gare ki ba. Na aiko kati da sabuwar shekara, shi ma shiru. Kullum in na dawo sai na buɗe akwatin wasiƙa sau biyu, kamar na farkon bai gani da kyau ba.

Na ji a rediyo ƙanƙara ta rufe hanyoyin gabas. Ina gaya wa kaina shi ne dalili. Amma na nemo kwafin takardar da na aiko miki, na karanta, sai na ji kunya ta rufe ni. Kin ba ni labarin mutuwar uwata, ni kuma na ba ki labarin murnar shugabana. Gaskiyar magana, ba aiki ne ya hana ni ba. Tsoro nake ji. Na shekara arba'in ina lallaɓa rayuwata ba tare da ita ba, ban san me zai same ni ba in aka kwance igiyar nan.

Ko zagi ne ki aiko mini. In hannunki ne ya ƙi, ki sa Fada ya rubuta layi ɗaya.

Ɗanki,
Kornel


Brezinka, 10 ga Fabrairu

Kornel,

Ina raye. Ba ƙanƙara ba ce, mai kawo wasiƙa yana zuwa da ƙafarsa kowace Laraba. Fushi na yi. Safar ta yi mini daidai, na gode.

Wai Yuli! A tsakar gida! Kai da ka san sunan bargo a yare goma, ba ka san ba a yagar gashi da bazara ba? Iska ɗaya za ta taso, shekara arba'in ta tashi sama ta sauka a gonar Ilka. Gidan waya kuwa, numfashin uwarka zan miƙa wa wani ya buga masa hatimi ya jefa a bayan mota? Maganar gidan tarihi ma ba zan tanka ba, kada in yi saɓo.

Da na ga ba ka zuwa sai na ce to, in yage nawa ukun ni kaɗai, ko banza in rage. Na zube a tebur. Kujera goma sha ɗaya ba kowa. Kwana shida na yi, ko rabin buhu ban ci ba, ga ido ba ya rabe laushi da tsinke. A rana ta shida na ji kaina ina ba Verona labari da ƙarfi, ina jira ta yi dariya a kore ta. Sai na tattara na mayar. Tsofaffi sun ce bargon da hannu ɗaya ya yage ba ya ɗumi, da ina ɗauka don a tara mutane ake faɗa.

Takardarka ta Janairu ta fi ta Disamba. Tsoro ba abin kunya ba ne, ni ma ina jin sa duk lokacin da na hau saman rufi. Amma zumunta a ƙafa take, ba a ambulan ba. Ista saura mako tara da 'yan kwanaki. Blanka ta ce abin da bai shiga mota ba wuta za ta ci. Bas yana tsayawa a mararraba, daga nan tafiyar awa ɗaya ce. Ka sa takalmin kirki.

Hermina


Bratislava, 8 ga Maris

Inna,

Na iso gida lafiya daga wurinku. Bayana yana ciwo, yatsuna sun ƙi riƙe alƙalami, har yanzu ina tsintar gashi a kunnena. Yaya gwiwa? Ki gaya wa Ilka ban manta ba, ɗankwalinta da ta ɗaura mini yana nan, zan wanke in mayar. Har yanzu ina jin muryarta: "Namiji ba ya zama a tebur, amma wannan da bai yi aure ba ai ba a ƙirga shi!"

Kwana tara, mu uku, buhu uku. Kun ce aikina ya fi na kowa muni, kuma na yarda. Ranar da na yi atishawa gashi ya tashi ya rufe mu, kika kore ni waje kina cewa, "Jinin Verona ne, ba ya ɓuya," na tsaya cikin ƙanƙara ina dariya, sai na ji ba dariyar kaɗai nake yi ba. Na daɗe kafin in shigo. Na san kin lura, na gode.

Ban iya magana ba ranar ƙarshe, shi ya sa nake rubutawa. Da kika sa bakin buhun Mama cikin bakin bargon, kika ce, "Tsaya nan, buɗe idonka," igiyar ta ƙi kwantuwa sai da kika sa haƙori. Na zaci zan ji wani abu. Ban ji komai ba sai warin tsohon rufi. Amma na ga kina ɗinkin taƙin ƙarshe, Ilka tana zura miki zare, na ga kin sauke kaya.

A bas sai da duchna ta ci kujera guda, direba ya tambaye ni ina amaryar.

Yanzu ga abin da ke damuna, kada ki yi dariya. Na shimfiɗa ta a kan gado, kwana biyar ke nan, ban rufa da ita ba. A kujera nake kwana da tsohon bargona. Duk lokacin da na ɗora hannu sai ta lotsa, in ji iska tana fita ta jikin yadin. Numfashi uku ne kacal, Inna. In na kwanta na matse su suka fita, shi ke nan ba ni da sauran komai nata. Ina tunanin in saka ta a babbar leda in ɗaure.

Katin duchna yana kan teburina, ban rubuta komai a kai ba.

Ɗanki,
Kornel


Košice, 26 ga Afrilu

Ɗana Kornel,

Ina gaishe ka daga sama, hawa na tara. Mun iso, an ba ni ɗakin jikata. Lafiya ba laifi. Ɗakin da zafi dare da rana, ba murhu, ba itace, ba abin da mutum zai tashi ya yi. Dinyoyi na bar wa Ilka. Da motar ta tashi tana tsaye a bakin shinge tana faɗin wani abu da ƙarfi, wannan karon ni ce ban ji ba. A nan kowa yana fita tun safe. Ina zama a taga in ƙirga motoci.

Takardarka ta same ni ina ɗaure kaya, shi ya sa sai yau. Ban yi dariya ba, amma na ce kai, karatu bai hana wauta ba. Leda! Ka sa ta a leda ta yi gumi ta ruɓe, in zo har Bratislava in ja kunnenka.

Saurara. Buhun nan na zare ne, iska tana shiga tana fita yadda ta ga dama. Abin da uwarka ta hura ya fice tun kafin in gama ƙulla igiyar. Na sani, ita ma ta sani, ba yarinya ba ce. Ta ga take-taken ubanka, ta san zai ɗauke ka ya tafi, kuma ba zai waiwayo ba. Ba ta da abin da za ta ɗaure ka da shi, sai ta ɗaure ni. Ta san muddin buhun nan yana rataye, akwai mutum ɗaya a duniya da ke jiran ka. Ni ma, tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, da na so da na ɗinke abin nan tun Ondrej yana raye na aika maka. Ban so ba. Kai nake so in gani.

Duchna ba ta da ɗumin kanta. Wanda ya shiga ciki shi ke ɗumama ta, ita kuma ta riƙe masa. Da safe ka kakkaɓe ta, ka rataya a taga ta sha iska, kada rana ta buge ta sosai. In ka kwanta ka tura gefen ƙarƙashin ƙafarka, tunda ba mai yi maka. Katin kuma ka rubuta abin da manyanku suka ce, ba ruwan ƙamus da mu.

Yau ka sauka daga kujerar nan ka rufa.

Mai kawo wasiƙa a nan kullum yake zuwa, kafin azahar. Blanka ta ba ni makullin akwatin. In kana da wata kalmar, ka turo, ko ɗaya, biyu, uku ne ba zan yi fushi ba. Akwai sunan igiyar da ake ɗaure buhu, akwai na kwanon da ake kifewa, akwai na wainar da ake ci ranar gama gayya. Suna nan da yawa a bakina, kuma a hawa na tara ba mai tambaya.

Innarka,
Hermina